Yatsa Huɗu a Tirelar Ma'azu

Ma'azu na Taloka ya sayo farfelar injin jirgin ruwa daga Yawuri, kuma labarinta ya riga ta isowa gida, domin tun daga tasha yake aika hotonta ga duk wanda ke da waya. Kunne uku gare ta, faɗinta ya kai na faifai, tana ƙyalli kamar sabuwar tasa. Matarsa Bara'atu ta juya ta sau biyu ta ce ta yi kyau, sannan ta tambaya ko za a iya ɗauke ta daga kan gado don ta shimfiɗa zani.

Ba don ado kaɗai ya saye ta ba, a yi masa adalci. Sarkin Ruwan mashigarsu ya riga ya yanke cewa bana jirgin inji ɗaya tak zai ba layin kwaso albasa daga ƙetaren dam ran kasuwar Goronyo, saboda mashigar ƙarama ce, masu kwale-kwale kuma sun gaji da taguwar da injuna ke watso musu. Mutum biyu ke nema, Ma'azu da wani Mode na Boyekai. Sarkin Ruwa ya ce ba zai tsaya sauraron baki ba: kasuwar farko ta cirar albasa kowa ya yi lodi a ƙetare, wanda ya fara sauke kayansa lafiya shi ke da layi. Ma'azu kuwa garkarsa ta albasa da shanun huɗarsa ya sayar ya sayi jirgin nan. In layin ya kuɓuce masa, ba shi da gona, ba shi da shanu, sai jirgin da ba mai hawa. Tsohuwar farfelarsa in aka yi lodi sai ta yi ta gurnani a wuri ɗaya, shi ya sa ya nemo babba.

Jirgin ba ya kwana bakin ruwa, don ba mai hankalin da ke barin inji can. Kullum a gida yake kwana, kan wani ƙarfe mai taya biyu wanda Ma'azu ke kira tirela, maƙwabta kuma ke kira amalanke in ba ya kusa. Tsohuwar akori-kurarsa ke janta. Ranar da ya ɗaura sabuwar farfela ya fito, ko titi bai hau ba ya ji ƙarar ƙarfe a baya. Ya sauka ya tarar kunnen farfela ya ja layi a ƙasa tun daga ƙofar gida. Da ya tsuguna ya auna, sai ya ga yatsa huɗu kawai ake bukata a ɗaga gadon da jirgin ke kwance a kai.

Akwai hanya mai sauƙi, kuma ya san ta sarai. Injin dai ba ya ɗaguwa, don wanda ya sayar masa ya liƙe mahaɗinsa da walda tun tuni, amma farfela noti ɗaya ke riƙe da ita. Sai a kwance a sa a mota, in an isa ruwa a ɗaura. To amma hanyar dam ta gaban majalisar 'yan albasa take bi, kuma Ma'azu bai je har Yawuri ba don ya riƙa wuce mutane da inji tsirara. Ya yanke shawara zai kai wa mai walda a Goronyo, aikin da ba zai wuce tsakanin azahar da la'asar ba.

Kuskurensa ɗaya, ya faɗi haka a gaban Bara'atu, ita kuma ta faɗa wa mahaifiyarta a waya cikin hira. Mahaifin Bara'atu, Malam Halliru, shi ne babban mai walda a unguwarsu a Wurno. Washegari saƙo ya dawo ta hanyar da ya bi: tsoho na tambaya, ko ƙarfe ya ƙare a Wurno ne da za a kai aikin gida waje?

Ma'azu ya dafe kai. Malam Halliru gwani ne, ba mai musu, amma gwanin ƙofofi ne da gadaje, da kuma abin da ya fi alfahari da shi, ƙafar tankin ruwa. Duk tankin da ka hango ya zarce bishiya a Wurno, aikinsa ne. Bai taɓa shiga jirgi ba, kuma yana ganin bai yi asarar komai ba. Sai dai suruki ne, kuma ba a ce wa suruki an gode a bari. Ma'azu ya kwance farfelar da hannunsa, ya naɗe ta a bargo ya ajiye a kujerar gaba, ya ja jirgi zuwa Wurno. A bakin gari ya tsaya ya sake ɗaura ta.

Tun daga nesa ya cire takalmi. Ya durƙusa a gefen rumfa, kansa a ƙasa, aka yi gaisuwa mai tsawo, shi yana kallon ƙasa, tsoho yana kallon jirgi. Malam Halliru bai taɓa kiran sunansa ba, kamar yadda bai taɓa kiran sunan Bara'atu ba, don ita ce 'yar fari.

"Mutanen Taloka," in ji shi, "kamar mi za a ƙara mata?"

"Kaɗan dai, Baba."

"Kaɗan kamar yaya?"

Ma'azu ya ɗaga yatsu huɗu, amma bai ɗaga su sama da gwiwarsa ba, ya kuma yi saurin mayar da su, don nuna wa suruki yatsa ba tarbiyya ba ce.

Malam Halliru ya yi murmushi. Ya san irin wannan kaɗan ɗin. Ita ce kaɗan ɗin da yaron nan ke faɗi in an kawo masa fura, ita ce wadda ya faɗi da aka tambaye shi ko rana ta dame shi a hanya. Yaro mai kunya in ya ce kaɗan, babba ne ke da alhakin gane abin da yake nufi.

"Tahi abinka," ya ce. "Na gane."

Da Ma'azu ya dawo ɗauka, daga kan kwana ya hango jirginsa ya leƙo ta saman katangar maƙwabta. Tsoho ya yi masa ƙafafu huɗu na bututun ƙarfe, kowace ta fi kamu guda, da giciye a tsakani kamar na tanki, ya kuma shafe su da jan fenti. Farfela na can sama tana shan iska, akuya za ta iya wucewa ƙarƙashinta ba ta sunkuya ba. Yaran unguwa sun taru, Malam Halliru na tsaye hannu a baya yana jiran abin da ya cancanta.

"Madalla, Baba," in ji Ma'azu. "Allah shi saka da alheri. Allah shi ƙara girma."

"Ko ramukan hanyar Rabah kab bi da ita ba ta taɓa ƙasa," in ji tsoho.

Gaskiya ya faɗa, ba ta taɓa ba. Ta gaban majalisar 'yan albasa ma sai da mutane suka miƙe tsaye, har Ma'azu ya fara tunanin ko dai tsohon ya fi shi gani. A bakin ruwa ne abin ya bayyana. Gaɓar dam shimfiɗaɗɗiya ce, ruwan a hankali yake zurfi, kuma jirgi ba ya barin tirela sai ruwa ya ɗauke shi. Da can tayoyin tirela na nutsewa jirgi ke tashi. Yanzu tayoyi suka nutse, jirgi na sama a bushe. Ya ƙara baya, tayoyin mota suka shiga, jirgi ko gezau. Ya ƙara, ruwa ya shiga salansa, mota ta yi tari biyu ta mutu, laka ta kama ta har ciki. Cikin jirgin ko jiƙewa bai yi ba.

Masunta suka bar gyaran koma suka zo kallo. Mode, wanda ya riga ya tura nasa jirgin tun da safe, ya matso da shi kusa ya kashe inji don kowa ya ji.

"Ma'azu, tunda kana da wurin hawa, in watan azumi ya zaka ka riƙa dubo muna shi."

Da shanun wani mai amalanke aka fitar da motar. Abin da ya fi yi wa Ma'azu ciwo shi ne ya gane shanun, nasa ne da ya sayar.

Ya isa gida yana huci. "Ki gaya ma Inna ta gaya ma Baba ya ɓata min aiki," ya ce wa Bara'atu. "Yatsa huɗu nic ce, shi kau ya gina min bene. A sauke shi. Hakanga za ki hwaɗi, kada ki rage komi."

Bara'atu ta ce to. Amma ba a haifi 'yar da za ta aika wa ubanta kalmar ɓata aiki ba. Abin da ta ce wa mahaifiyarta Inna Sabuwa a waya shi ne maigida na godiya ƙwarai, aiki ya yi ƙarfi, sai dai a bakin ruwa ana ɗan shan wuya wajen saukowa. Inna Sabuwa ta jira sai da Malam Halliru ya ci tuwo ya wanke hannu, sannan ta ce yaran nan suna ta sa albarka, sun ce kowa ya gani sai ya yaba, hawa da sauka ne kawai ke ɗan ba yaron wahala. Tsoho ya ce laifinsa ne, ya kamata ya yi tunanin haka tun farko. A kawo ta.

Ma'azu ya kai ta da farin ciki, ya koma ɗauka da farin ciki. Ya tarar an yi mata tsani. Tsani mai kyau, da marikin hannu, da ɗan dandamali a sama inda mutum zai tsaya ya gyara riga kafin ya shiga jirgi. Nauyin tirela ya kusa ninkawa, akori-kura na janta tana kuka. Ya durƙusa ya yi godiya, har da ƙarin addu'a ga iyaye.

Daga nan bai nufi gida ba, ya zarce Goronyo wurin Siddiƙu mai walda, ya ce a yanke komai a bar yatsa huɗu, in an tambaya zai ce hatsari ya yi. Siddiƙu ya zagaya tirelar, ya shafa bakin waldar da ɗan yatsa, sai ya ja da baya.

"Wanga hannun Baba Halliru na."

"To, sai mi?"

"Gare shi ni koyi aiki. Shi yab ba ni injin hwarko. In sa wuta in yanke aikinai? Kai ko kunya ba ka ji, kai da ka auri ɗiyatai?"

Kafin Ma'azu ya kai gida ya tabbata duk mai walda daga Goronyo har Kagara ko yaron tsohon ne ko yaron yaronsa. Albasa kuwa ba ta jiran kowa. An fara cira a ƙetare, buhuna na taruwa a gaɓa, Mode kullum yana ruwa yana gwada lodi da buhunan yashi. Ma'azu ya zauna a ƙofar gida yana kallon benensa, ya ji tsoro na gaske ya kama shi, irin wanda ke hana mutum jin ɗanɗanon abinci. Ya tuna garkarsa, wadda yanzu wani ke cirar albasa a ciki. Jajibirin kasuwa ya tashi ya ja jirgi zuwa Wurno, ya ƙudura a ransa yau da bakinsa zai yi magana.

Ya cire takalmi, ya durƙusa, aka gaisa. Gaisuwa ta ƙare bai tashi ba. Malam Halliru ya dube shi, abin da bai saba yi ba.

"Lahiya?"

"Baba," in ji Ma'azu, "a yi min haƙuri. Tsawon ya yi yawa. Jirgi bai sabka ruwa. So nike a maishe ta ƙasa yadda take."

Yaran shago suka daina buga ƙarfe. Wani tsoho da ke zaune kan benci ya tashi ya tafi, don kada a ce yana wurin. Ma'azu ya ga abin da bai yi zato ba: ba fushi ne a fuskar tsohon ba, kunya ce. Mutum ne da ya yi aiki da zuciya ɗaya, ya sa ƙarfensa da fentinsa, yana jin yana yi wa 'yarsa gata, sai ga shi an gaya masa a gaban yaransa cewa bai iya ba. Ma'azu ya ji kamar ya janye maganar.

"Dud da tsanin?" in ji tsoho a hankali.

"Dud da shi, Baba."

"To. Shiga ka gaida mutanen gida. Ba ka jimawa."

Ya shiga. Inna Sabuwa ta sa aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka kawo fura, ya ce ya ƙoshi. Daga nan yana jin kukan injin yankan ƙarfe, yana jin bututu na faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, kowace faɗuwa na sanyaya masa rai. Sai ƙarar ta tsaya. Can kuma ta sake tashi, amma da wata murya daban, siririya, ta daɗe tana yi. Ya ɗauka ana goge bakin yanka ne.

Da aka kira shi ya fito, jirgi ya dawo ƙasa, daidai inda yake ranar da aka fara kawo shi, ba ƙari ko na ƙwayar gero. Ma'azu ya buɗe baki zai tuna wa tsoho yatsa huɗun, sai idonsa ya kai baya.

Malam Halliru mutum ne da aiki ba ya barin rumfarsa da aibi. An ce a mayar da tirela yadda take, ya mayar. Da ya mayar ya ga farfela na taɓa ƙasa, wato matsalar da aka kawo masa tun farko tana nan, kuma an hana shi ɗagawa. Saura hanya ɗaya. Ya bi kunnuwan nan uku ya rage wa kowanne, daidai wa daida, ya zagaye bakinsu ya goge har suna ɗaukar ido. Aiki ne mai tsafta ƙwarai. Abin da ya rage bai fi murfin kwano ba.

"Sa hannunka ka auna," in ji tsoho, ba tare da ya dube shi ba.

Ma'azu ya tsuguna ya sa hannu tsakanin farfela da ƙasa. Yatsa huɗu cif.

Tsohuwar farfelarsa tana Yawuri, don da ita ya yi musaya. Rana ta yi sanyi, kasuwa gobe ce. Ya riga ya yi wa surukinsa musu sau ɗaya a rayuwa, ya kuma ga abin da hakan ya yi wa tsohon. Ba shi da na biyu a cikinsa. Ya sunkuyar da kai ya ce Allah shi saka da alheri.

Da safe jirgi ya sauka ruwa salin-alin, tayoyin mota ko laima ba su taɓa ba. Zuwa ƙetare ba kaya, ya ɗan taɓa tafiya, har Ma'azu ya fara yi wa kansa ƙarya. Aka yi lodi, aka jera jiragen biyu, wakilin Sarkin Ruwa ya ɗaga hula. Mode ya ja inji ya tafi. Ma'azu ya murɗa nasa har ƙarshe, injin ya yi kururuwar da ta tashi tsuntsaye daga ciyawa, ruwa ya yi kumfa a baya, jirgi kuwa ya fara matsawa kamar mai jin nauyin barin gida. Wata tsohuwa a kwale-kwale da kajinta ta zo ta wuce su, ta yi musu sannu. Masu albasar da ke zaune kan buhunansu tun suna ba shi shawara har suka koma yi masa ta'aziyya. A tsakiyar ruwa injin ya yi zafi ya ɗauke, sauran tafiyar da filafili aka yi ta.

Sa'ad da suka iso, albasar Mode ta daɗe da hawa mota, shi kansa yana zaune kusa da Sarkin Ruwa yana shan shayi. Ba wanda ya ce wa Ma'azu ya faɗi, ba a bukata. Sarkin Ruwa dai ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya juya ya ci gaba da magana da Mode kan kasuwa mai zuwa.

Ma'azu ya diro cikin laka, hannayensa sun yi kanta. Sai ya hango babbar riga fara a kan gaɓa. Malam Halliru ne, ya hawo mota tun daga Wurno don ya ga aikinsa a bakin ruwa, yana tsaye kusa da tirela yana nuna wa masunta inda ya yanke. Ma'azu ba shi da takalmin cirewa, ya durƙusa a cikin lakar yadda yake.

"Mutanen Taloka, sannunku," in ji tsoho. "Na ga sabkarta da sahe. Tirela dai ta yi."

"Ta yi, Baba."

"Injin ga naku na ba shi da lahiya. Tun daga nan ni ka jin kukanai." Ya gyara rigarsa, muryarsa ta yi taushi, ta mutumin da ya yafe abin da aka yi masa jiya. "Kada ka damu, kuma kada ka kai ma kowa. Gobe ka kawo min shi in buɗe."

Masunta suka zuba ido suna jira. Mode ya ajiye kofin shayinsa. Ma'azu ya dubi injin, abu na ƙarshe da ya rage masa wanda wani zai saya, sannan ya mayar da idonsa ƙasa.

"To, Baba," ya ce. "Da sahe ko da marece?"